Abin da Jan Biro Ta Gani a Waya

Malamai na kiranta Jan Biro, don ko katin biki aka miƙa mata sai ta gyara kuskure. Ta tsufa tana koyar da kimiyya, amma ita da waya ba sa ga maciji. Da aka sa ta a horon malamai kan cututtukan da ake ɗauka daga dabbobi, rabi ta waya, rabi a aji ranar Asabar, ta yi mita har shugaban makaranta ya fara ɓuya mata.

Ran nan a ɗakin malamai ta jingina wayar da kwalin alli, likitan dabbobi yana bayanin ciwon haukan kare. Ya ce cizon kan warke a manta da shi, sai daga baya mutum ya fara firgita, in ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe.

Haka yayanta ya rasu tana 'yar makaranta, ƙishirwa na cinsa yana ture kofi. Ta tuna kwikwiyon da ya tsinto, da ƙyallen da ya ɗaure a yatsa. Amma a gidansu an ce sammu ne, aka ɗora wa Inna, ƙanwar mahaifiyarsu, wadda ta yi jinyarsa. Tun daga nan Mama da Inna ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ranar Asabar ta tare likitan a bakin aji, ta ba shi labari. Ya ce ba zai rantse ba, amma alamun ba su bar komai ba.

Ta ji tsoron gaya wa Mama, don tsohuwar ta saba da fushinta a kan Inna. Duk da haka ta je. Ta same ta tana ninke wanki.

"Mama, ba Inna ba ce. Kwikwiyon nan ne."

Ta yi mata bayani dalla-dalla, kamar a aji. Mama ta daɗe riƙe da riga ɗaya.

"Da kin bar ni da sammun," in ji ta. "Babanku cewa ya yi a jefar da karen. Ni na ce a bar shi ya yi mana gadi."

Mama ta goge ido da rigar.

"An ce Innar taku ba ta gani yanzu. Ɗauko mini mayafi, kya gaya mata ni ce."