Tsayuwata a Gaban Malam

A shekarar da aka fara barin mata su jefa ƙuri'a, mutanen Saulawa suka zaɓe ni kansila. Kafin nan aikina koya wa matan aure karatun yaƙi da jahilci ne, ilimina kuma bai wuce allo da firamare ba. A lokacin Makarfi da Kudan duk a Ikara suke zaman majalisa, kuma ni kaɗai ce mace a zauren.

Saƙo ɗaya matan garinmu suka ba ni: ɗakin haihuwa da ungozoma horarriya. Damina biyu a jere muna ɗauko mai naƙuda a amalanke za mu asibiti, rafi yana tare mu. Na rubuta bayanina, ɗaya zuwa biyar, na haddace. Zama uku ya rage a rufe jerin ayyukan shekara. Abin da bai shiga ba, sai baɗi.

Dokar majalisa ita ce mai son magana ya miƙe tsaye, ciyaman ya kira shi, akawu ya rubuta. Amma a Furana aka haife ni, aure ne ya kai ni Saulawa, kuma kansilan Furana, wanda kujerarsa ke daura da tawa, aminin mahaifina ne, Malam muke ce masa. Shi ya biya mini Fatiha. Tunda nake ban taɓa magana ina tsaye yana zaune ba.

A zama na farko, da aka zo kan ayyuka, na sauko daga kujera na durƙusa, yadda aka rene ni. Tebur ya rufe ni. Sau biyu na ce, "Ranka ya daɗe," ciyaman bai ji ba, aka wuce zuwa maganar taki. Kansilan Kudan, mutum mai tsokana, ya leƙo ƙarƙashin tebur.

"Malama, ɗan kunne ne ya faɗi? Mu taya ki nema?"

Aka yi dariya. Na koma kujerata.

A zama na biyu na ɗaga hannu. Ciyaman ya gani, ya dubi akawu.

"Ranka ya daɗe," in ji akawu, "takardar doka tsayuwa ta ce. Babu hannu a ciki."

Ban ga laifinsa ba. Ni ma a ajina ba na karɓar amsar wadda ta tsallake layi.

Mako biyun da suka biyo baya ina ta saƙawa ina kwancewa. In na tsaya, za a ce ƙuri'a ta cire mini kunya, ba za a sake tura mace ba. In na zauna, babu ɗakin haihuwa. Maƙwabciyata na da ciki wata biyar, haihuwarta tsakiyar damina za ta faɗo. Kullum da safe sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, an faɗa musu?" Har turmi na ajiye a tsakar ɗaki a matsayin Malam, na tsaya a gabansa ina gwadawa. Ko a gaban turmin sai in ga ina neman durƙusawa.

Ranar zama na uku na isa kafin kowa. Aka yi addu'a, aka karanta bayanin zaman baya, aka yi maganar kasuwar Makarfi. Sai ciyaman ya ce, "In babu saura, za mu rufe jerin."

Na dafa tebur na miƙe. Na dubi rawanin Malam daga sama, abin da ban taɓa gani ba, bayanin duka ya gudu daga kaina. Na fara sassauta gwiwa zan koma ƙasa.

Sai na ji ƙarar sanda. Malam ne yake miƙewa, a hankali, da tsufansa.

"To, 'yata, ga ni tsaye. Faɗi abin da aka aiko ki."

"Allah gafarta Malam," in ji akawu, "mutum biyu ba sa tsayuwa lokaci ɗaya."

"Ni ba magana zan yi ba, ɗan nan. Ƙafata ce ta yi sanyi. Ko ita ma tana cikin takardar?"

Akawu ya duba, ya juya shafi, ya ce babu.

Na yi magana. Na faɗi na ɗaya, na biyu da na huɗu. Na uku da na biyar sai a mota suka dawo mini, kuma har yau abin yana cina. Kansilan Kudan ne ya fara goyon baya, ya ce su ma suna da rafi. Ɗakin ya shiga jerin.

Ba a gama ginin kafin haihuwar maƙwabciyata ba, amma an turo ungozoma tun farkon ruwa, a ɗakina ta sauka. Ita ta karɓi haihuwar.

Dokar tsayuwa ba ta canja ba sai bayan shekara guda, da na kawo ƙudurin a yarda da ɗaga hannu. Kafin nan, duk ranar da zan yi magana, nakan je wurin Malam tun a ƙofa in durƙusa in gaishe shi. Shi kuma ya ce, "Yau ma ƙafar za ta yi sanyi ke nan?"