Layuka Ukun da Baffa Ya Cire

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba a Talata Mafara, kuma bana ce ta farko da ranar ta same ni ina fushi.

Tun ba a haife ni ba, Baba ya yi aiki a wani ofishi a Sakkwato, kan babbar kwamfutar nan ta da mai cin ɗaki guda, kowane ma'aikaci da allonsa mai koren rubutu. Ya sha ba ni labarinta a inuwar dogonyaron gidanmu. Ya ce in ka goge wani abu a tsakiyar sakin layi, layin yakan rage guntu, giɓin ya tsaya yana kallonka. Ba ya rufuwa sai ka je gefen layin ka buga haruffa biyu, sannan kalmomin su gangaro kamar ruwan madatsar Bakolori a magudana, su cike wurin.

Baba ba ya buga haruffan nan sai mai takardar ya zo ya ga giɓin da idonsa. Yakan ce, "Ɗiyata, in na jera su, ko shi kansa ba zai tuna an cire wani abu ba."

A kan na'urar ya rubuta tarihin gidanmu, ya fitar da shi a doguwar takarda mai huda-huda a gefe. Akwai layuka uku a ciki game da mahaifiyarsa, Inna Hajo.

Watan jiya ƙaninsa, Baffa Lawali, ya sa aka sake buga tarihin a shagon kwamfuta, ya raba a taron addu'a. Layukan uku babu su. Na'urar yanzu ba ta jiran umarni, da an goge take rufewa. Sunan kakanmu ya manne da na 'ya'yansa sumul, kamar daga gona suka tsiro.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ina Inna Hajo?"

Ya ce, "Ke Nafisa, ba ki ganin zamani? Wa ke son a ce uwarsa Bafillata ce yanzu? Gyaran rubutu kawai na yi."

Ba gyara ba ne, Baffa. Ita ta goye ka. Ka ji tsoro, na yarda, kowa a ƙasar nan yana kwana da tsoro. Amma ka miƙa littafin da hannunka ga Malam Bello, ɗan ƙanin Inna, wanda ya taso daga Damaga a kan babur don yi wa Baba addu'a. Ina kallonsa ya duba shafukan sau biyu, ya rufe, ya ajiye a tabarma. Ya tafi bai ci tuwo ba.

Da Baba na raye, ba zai ɗaga maka murya ba. Zai bar maka giɓin ne a buɗe, ya kira ka ka zo ka kalla.

Bai bar mini gona ko gida ba, sai doguwar takardar nan da ta fara yin ja don tsufa, da ɗabi'ar ƙin rufe abin da mai shi bai gani ba. Ga layukan nan uku, na roƙi editan jaridar nan kada ya taɓa ko wasali ɗaya:

"Uwata Hajo, Bafillatar Damaga ce. Da nononta da na shanunta aka rene mu, ni da Lawali. Duk wanda ya fito daga gidan nan, daga gare ta ya fito."