Wilin mota a Idu

Jiya a Idu na ji wani mai faci yana dukan wilin mota da guduma, sai ƙafata ta ƙi tafiya.

Irin ƙarfen nan ne ƙararrawar cocinmu a ƙauye, kafin gwamnati ta tashe mu ta gina Abuja. Maigidana ke bugawa kowace asuba. Tunda ya rasu addu'a ta ƙi fita bakina, ba zan ɓoye ba.

Na ce, "Ɗana, buga uku ka tsaya."

Ya ce, "Mama, gyara nake, ba kiɗa ba."

Na ce, "Buga dai."

Ya buga. Hannunsa bai kai na marigayi ba, amma nan cikin tayoyi na yi Addu'ar Ubangiji har amin.

Ku da kuka rasa mai tashinku addu'a, yaya kuke yi?