Doña Hermelinda da Motocin Rake

Shekara talatin da ɗaya Doña Hermelinda ta yi tana ɗinke bakin buhu a kamfanin sukari, ni kuma ina dafa wa ma'aikata abinci a bayan ɗakin da take aiki. Da muka ajiye aiki, ƙungiyar ma'aikata ta ba mu gidaje a Santa Rita, unguwar 'yan fansho da aka gina a gefen gonakin rake. Gida arba'in da biyu ne, layi biyu, titi ya ratsa tsakaninsu. Nata yana kallon nawa. Mijinta Don Abundio bai cika shekara biyu a sabon gidan ba ciwon huhu ya ɗauke shi, kamar yadda ya ɗauke yawancin mazan da suka yi aiki a bakin wuta. Tun daga ranar ta sa baƙaƙen kaya, ba ta sake cirewa ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce. In ka tsaya a ƙofar cocinmu da yamma, cikin mata goma da za su shiga, bakwai cikin baƙaƙen kaya suke daga mayafi har takalmi.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta iya doguwar hira ba. In ka gaishe ta, tana amsawa idonta yana kan ɗinkin rigarka. Ɗanta guda, Ulises, yana zaune a birnin Puebla, yakan kira ta ranar Lahadi.

Titin namu ba don manyan motoci aka yi shi ba, amma shi ya fi kusa tsakanin gonaki da kamfani. Daga Disamba har Mayu, lokacin yankan rake, motocin ba sa hutawa. Da la'asar ake cinna wa gonaki wuta don a ƙone ganyen rake kafin a yanka, kafin magariba hayaƙi ya kwanta a kan hanya. Fitilun titi shida gare mu, biyu ke kamawa. Mai tafiya a ƙasa ba shi da wurin bi, daga kwalta sai lambatu mai zurfi har ƙugu.

Wata Talata a cikin Janairu muka taso daga addu'ar kwana tara ta wani maƙwabcinmu da ya rasu, ƙarfe bakwai da rabi na dare ta ɗan wuce. Hermelinda tana riƙe da hannun Doña Otilia, aminiyarta tun suna 'yan mata, ni ina bayansu kaɗan. Ta saki hannun don ta laluba makullinta a jaka. Otilia, wadda kunnenta ɗaya ya daɗe da mutuwa, ta karkata ta nufi ƙofarta. Sai wata motar rake ta buge ta, alhali ko gudu ba ta yi. Kafin mu isa kanta ta cika.

Direban ba baƙo ba ne, Wilfrido ne, mahaifiyarsa tana gida mai lamba goma sha tara. Ya sauko ya zauna dirshan a kan kwalta, yana ta maimaita cewa shi bai ga kowa ba, ƙara kawai ya ji. Wasu suka ce ƙarya yake, wasu suka ce ya sha. Da aka auna shi, ba a sami komai ba.

Bayan mako uku Hermelinda ta buga mini ƙofa, ta ce in sa baƙin mayafina in biyo ta. Ashe ta je ta sami Wilfrido, wanda tun abin bai sake zama a bayan sitiyari ba, ta sa shi ya ari motar raken wani abokinsa ya ajiye a bakin unguwa. Mace mai shekara saba'in da ɗaya, sai da ya tallafe ta sannan ta hau. Ta sa ya kunna fitila, ta ce in je wajen falwaya ta biyar in taho a hankali. Na taho ina ƙirga sawu. Sai da ya rage bai fi taku ashirin ba na ji ta bugi gilashi.

Ta sauko ta zo wurina. "Comadre, ƙawata, babu ke," ta ce. "Ina kallon inda na san kina nan, amma babu ke." Ta juya ta ce wa Wilfrido ta yarda da maganarsa. Mutumin ya kifa kansa a jikin mota.

A zaman da ta yi a can sama ta hangi wani ma'aikaci a kan keke, can nesa wajen gada, ƙyallen da ke bayan rigar aikinsa yana walƙiya. Washegari ta je wurin mai kula da sito a kamfani, ta dawo da buhu biyu na tsofaffin rigunan aiki da za a ƙone. Ta farke ƙyallayen masu ƙyalli ɗaya bayan ɗaya da reza, ta wanke, ta kakkaɓe keken ɗinkinta. Nawa mayafin ta fara yi wa, layi ɗaya a baya, ɗaya a kowane gefe.

Mata ba su karɓa da daɗi ba. Suka ce kayan makoki ba a yi musu ado, kuma ba za su shiga gaban bagadi suna walwali kamar masu gyaran titi ba. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta sake dabara, ta riƙa ɗinkawa a fuska ɗaya kawai, a coci mace ta juya mayafinta, in an fito ta sake juyawa. Da haka ta shawo kan kusan kowa. Ba ta taɓa karɓar ko peso ɗaya ba, amma in ta gan ki da yamma ba ki juya ba, za ki sha kallon da har gida kina jin sa.

Wanda ya gagare ta shi ne Don Crescencio, tsohon shugaban masu gadi, wanda kullum yakan tsallaka kanti ya buga wasan domino. Ya ce shekara arba'in yana yawo cikin duhu babu abin da ya taɓa shi.

"Doña Mela, jakin amalanke kika mayar da ni da za ki rataya mini alama?" ya ce wa Hermelinda.

"Jaki ai yana da mai shi da zai yi asara. Kai wa zai yi?"

'Yan domino suka yi ta dariya, shi ma ya yi, amma bai ba da rigarsa ba. Da ta haɗa baki da ƙanwarsa aka ɗinka masa a bayan hula, ya sa wuƙa ya cire, ya aiko mata da ƙyallen a cikin ledar burodi.

Sau uku muka kai takarda ofishin hukumar gari muna roƙon a gyara fitilu, a rufe lambatun a yi mana wurin tafiya. Sau ɗaya aka turo mutum biyu suka yi awo, suka sha kofi a gidana, suka tafi.

An yi yankan rake huɗu ba a buge kowa ba. Direbobi da kansu suka ce tun daga gada suke hango mu. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Hermelinda gani, ni nake zura mata zare a allura, sauran kuma yatsunta sun sani.

A yanka na biyar, cikin Maris, ta fito sayen madara da magariba. Mota mai kaya ta taho daga gona, wadda ta sauke ta taho daga kamfani, suka haɗu daidai inda take. Dukansu sun gan ta, dukansu sun rage gudu sun danna oda. Titin ne bai ishe su su uku ba. Ta ja da baya taku ɗaya, ƙafarta ba ta sami ƙasa ba.

Don Crescencio ne ya fara isa. Da gwiwoyinsa masu ciwo ya sauka cikin lambatun, ya tuɓe rigarsa ya sa mata a ƙarƙashin kai. Shi ma fitowar ta gagare shi. Haka suka zauna a cikin ruwan ɗauraya kusan awa guda ana jiran motar asibiti, ni ina bakin ramin ina haska su da tocila. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce masa, "Ka dai shaida an gan ni." Ya ce ya shaida, ya roƙe ta ta daina wahalar da kanta.

Ƙugunta ne ya karye. Aka yi mata aiki, bai kama ba. Ulises ya zo ya tafi da ita Puebla, gidan bene hawa na huɗu, ba ta sake taka ƙasa ba. A nan Santa Rita kuma kwamitin unguwa ya zauna ya mayar da addu'ar yamma ƙarfe huɗu. Mai kanti ya fara rufewa da shida saboda babu mai zuwa. 'Yan domino suka watse. Kafin rana ta faɗi kowa ya ja ƙofarsa, sai ƙarar motoci da hasken talabijin ta labule.

Nakan kira ta ranar Laraba. Takan yi ƙorafin sanyin garin, da surukarta mai yin kofi kamar ruwan wanke tukunya. Daga baya ta fara kirana da sunan Otilia, ni kuma in amsa. Ta rasu a Oktoba. Ulises ya binne ta a can, ba a kusa da Don Abundio ba, kuma babu wanda ya iya zaman mota awa shida a cikinmu.

A gidana muka yi mata addu'ar kwana tara, da ƙarfe uku na rana. Mutum goma sha ɗaya suka zo a ranar ƙarshe. Tamales ɗin da na dafa, wato alalen masara da ake naɗewa a ganye, sun yi yawa, sai na tsallaka na kai wa sababbin da aka ba gidanta. Matar ta yi godiya, ta tambaye ni sadakar wa ce.