Dada Kilema da Katangar Gabas

Sunanta na baftisma Clémentine, amma bakin mutanen unguwar Jambutu bai iya juya shi ba, sai suka gutsure shi ya koma Kilema, suka ɗora masa Dada a gaba don girmamawa. Daga duwatsun wajen Mokolo ta sauko Garwa da mijinta Fulbert, shekara biyu bayan samun 'yancin kai. Shi yana dakon buhunan gyaɗa a tashar jiragen ruwa ta Binuwai, ita kuwa ta zo da abin da matan dutse suke tashi da shi, wato hannun yaɓe. Da ciwon ƙirji ya ɗauke Fulbert, 'yan'uwansa suka raba gonakinsa tun ba ta gama makoki ba. 'Yarta ɗaya, Honorine, tana aure a Yagwa, ɗaki guda ita da miji da yara biyar. Dutse ya rufe mata, Yagwa kuma babu wurin shimfiɗa tabarma.

Malam Lukmanu mahauci ne ya ba ta ɗaki a gidansa. Ba a yi yarjejeniya da baki ba, amma kowa ya san yadda abin yake: ɗaki nata, katanga kuma a wuyanta. Ɗakin an jingina shi ne da katangar gabas, wadda ke kallon babbar hanya, har katangar ce bangon bayansa. Duk wanda ya zauna Garwa ya san daga gabas hadari yake tasowa, kuma katangar gabas ce ke shan dukan.

Dada Kilema ba ta san kalanda ba, amma ba ta taɓa kuskure lokaci ba. In aka yi yaɓe da wuri, tsakiyar zafi, rana za ta dare shi kamar diddigen manomi. In aka makara har ruwa ya sauka, aikin banza ne, dare ɗaya zai wanke. Tsakanin biyun akwai 'yan kwanaki, lokacin da iska ta juyo da ɗan danshi, shamuwa ta fara sauka kan bishiyoyi. Kafin nan ta riga ta kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu daga turken Malam Lukmanu, ta bar su kwana bakwai suna tsima, har warin ya hana Dela, matar gidan, cin tuwo a tsakar gida. Da safe takan yaɓe gefen yamma, da la'asar ta koma gabas, kullum tana bin inuwa don kada rana ta sha aikin tun yana ɗanye. Katangar gabas sau biyu take yi mata, sannan ta shafe ta da ruwan makuba, wanda take jiƙawa daga ɓawon ɗorawa. Damina kuma, duk ruwan da aka ɗauke sai ta fito da ƙwaryarta, ta buɗe rariya, ta cike inda ya zaizaye. Shekara goma sha ɗaya katangar ba ta zubar da ko ɓarɓashi ba.

Wata shekara, bayan an yi ruwan fari har sau biyu, Jauro mai unguwa ya bi gida gida. Wai babban baƙo zai wuce ranar fet, wato bikin gwamnati na shekara, kuma duk katangar da ke bakin hanya a shafe ta da siminti a yi mata farar ƙasa. Babu wanda ya ga takardar umarnin, kuma a zamanin nan babu mai wautar cewa a nuna masa. Malam Lukmanu ya kira wani magini mai suna Marcel.

Dada Kilema ta same su a ƙofar gida, ta rusuna, ta fara da kalmar roƙo ta Fulatanci.

"Useko, Malam, ka saurare ni. Katangar nan ta sha ruwa sau biyu, cikinta jiƙe yake. In kuka rufe ta da siminti, ta ina ruwan zai fita?"

Marcel ya yi dariya. "Mama, c'est fini, zamanin yaɓe ya wuce! Siminti ba kashin shanu ba ne. Shekara ashirin ba mai sake taɓa ta."

"Ƙasa tana numfashi, ɗana. Siminti ba ya yi."

"Dada, ni ma ba son raina ba ne," in ji Malam Lukmanu. "Kwana tara ya rage. Kina so a kira ni ofis?"

Aka shafe katangar cikin kwana biyu. Abin takaici, Marcel ya ce dole a riƙa yayyafa wa simintin ruwa safe da yamma har mako guda, in ba haka ba zafi zai fasa shi. Wa ke da hannu da lokaci in ba Dada Kilema ba? Haka ta riƙa ɗauko tulu daga rijiya tana shayar da abin da ya raba ta da aikinta. Ranar fet motoci suka wuce a guje, ko waiwayen katangar ba wanda ya yi.

Daga waje kam, sai son barka. Fara tas, sumul, masu wucewa suna yaba wa Malam Lukmanu. Ita kaɗai ce ke kwana ta ɗaya gefen. Kafin damina ta yi tsakiya, danshi ya fara hawowa daga gindin bangon ɗakinta, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ruwa yana shiga ta kan katangar inda simintin ya tsage, ya rasa hanyar waje, sai ya ɓullo mata ciki. In ta fita ta ƙwanƙwasa simintin da ɗan yatsa, sai ya amsa kamar tulun da ba komai a ciki.

Ta kai wa Dela maganar. Dela ba muguwa ba ce, sai dai ta daɗe tana ƙyalla ido a ɗakin nan, tana ganin in an fasa masa ƙofa ta hanya zai yi shagon manja da gishiri.

"Ayya, Dada, in dai ɗakin ba ya zaunuwa ai ba za mu bar ki a ciki ba," ta ce. "Sai a rushe a yi na bulo. Ke kuma ki huta wajen Honorine, ko ba shi ne amfanin haihuwa ba?"

Nan Dada Kilema ta gane inda ta tsaya, tsoro ya kama ta. Katangar bulo ba ta neman mai yaɓe. In ta nace cewa bango ya ruɓe, da bakinta ta rushe ɗakinta. In ta yi shiru, a ƙarƙashinsa take kwana.

Ta yi shiru. Matar da ta tsaya gaban magini tana gardama ita ce ta koma ɓoye abin da ta yi gargaɗi a kai. Kowace safiya sai ta kwaɓa ƙasa a ƙwarya, ta yaɓe bangon ta ciki, ta goge da dutse har ya yi santsi. Ta janye tabarmarta zuwa bakin ƙofa. Da la'asar kuma, in masu tallan gyaɗa da dafaffiyar masara suka zauna a inuwar katangar, sai ta fito da tsintsiya tana masifa, wai suna ɓata farar ƙasa. Suka ce tsufa ya fara taɓa Dada Kilema, kirkinta ya ƙare. Ta ji, ta haɗiye, don gara a zage ta da a tono wata daga ƙarƙashin ƙasa. Ranar Lahadi ma ba ta iya zama a coci in hadari ya haɗu, sai ta sulale kafin a gama addu'a.

Cikin Agusta aka yi ruwa kwana uku a jere. Katangar wani maƙwabci, wadda aka shafe mako ɗaya da tasu, ta zube da hantsi, ta danne awaki biyu. Da azahar Malam Lukmanu ya dawo daga mayanka ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, abin da bai taɓa yi ba.

"Dada, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Yaya tamu take?"

Ta dube shi. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mata murya ba, kowace Asabar yana aiko mata da ƙashin miya.

"Shigo ka gani da idonka, Malam," ta ce.

Ya sunkuya ya shiga. Bango sumul, babu tsaga ko ɗaya, aikin gwana. Ya dafa shi da tafin hannu yana dubawa sama da ƙasa. Da ya janye, sai ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya dubi tabarmar da ke bakin ƙofa, ya dubi ƙullin kayanta da ke ajiye a kai, sannan ya dube ta. Ita kuwa ta kasa ɗaga ido. Ya goge hannun a gefen rigarsa.

"To, Allah ya kai mu kaka lafiya," ya ce a hankali, ya fita.

Shatin hannunsa yana nan a bangon, yatsu biyar, ya nutse kamar a ƙullun tuwo. Dada Kilema ta jawo ƙwaryarta, ta ɗebi ƙasa, ta cike shi.