Ƙulli na Ƙarshe a Igiyar Malam Garba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kashe Malam Garba mai walda.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina bakin murhu ina turara shinkafa, sai na ji wayar maigidana Sani ta faɗi ƙasa a ɗaki. Na leƙa, na tarar ya kafa wa bango ido. Lawali direban tarakta ne ya kira shi. Jiya da la'asar Malam ya hau babur ya tafi wajen Faru, a hanyar dawowa masu bindiga suka tare shi. Sai da gari ya waye aka same shi.

Ku yi haƙuri da rubutun, ni ba mai dogon karatu ba ce.

Da yawanku kun san garejinsa a nan Mafara. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da ya yi mana.

Sani ɗan lodi ne a da. Shekara biyu ke nan, suna kai injin bugun shinkafa wata gona wajen Bakura. Injin ya fi tirelar da tarakta ke jan sa a kai faɗi, ita kuma doguwa ce, sai an ɗaga kai ake ganin kayan da ke kanta. Suka iso wata kwana a bakin hanyar ruwa. Wani ya duba da ido ya ce, "Za ta wuce." Taya ɗaya ta zame, injin ya sulale, Sani ne a ƙasa.

Ya rayu, amma ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba.

Mutane sun zo jaje, Allah Ya saka musu. Daga baya ƙafa ta ɗauke. Sani ya daina magana, abinci ma sai na yi ta lallashi.

Wata rana Malam Garba ya yi sallama a zaure, hannunsa baƙi ƙirin da ƙarfe. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Sani, ba jaje ya kawo ni ba. Tirela nike son ƙerawa wadda ba ta kada kaya. Duk garin ga babu wanda ya kai ka sanin yadda injin nan ke zamewa. Hwaɗa mani."

Ran nan Sani ya yi magana har aka kira magariba. Ina bayan labule ina kuka, ban bari sun ji ba.

Daga nan zaurenmu ya zama wurin mitin duk ranar Alhamis. Malam, Lawali, da 'yan lodi biyu abokan Sani. Malam ba ya yanke komai shi kaɗai. Sani ya ce a sauke gadon tirelar ya dawo daidai gwiwa, tayoyi su koma gefe. 'Yan lodi suka ce a yi ƙofar baya mai kwanciya ƙasa, a riƙa jawo injin da sarƙa, a daina ɗaga shi da ƙirji. Lawali ya yi ta gardama kan yadda za ta sha kwana, har Malam ya ce masa, "Kai Lawali, ko jaki anka ba ka sai ka ce sitiyarin ya yi tauri."

Abu ɗaya ya gagare su. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi yake yi, ko an ɗaure, da an shiga gargada sai injin ya riƙa matsawa.

Na shigo da ruwan sha, bakina ya suɓuce na ce, "Mu dai ba mu ɗora tulu a kai babu gammo."

Lawali ya yi dariya. Malam bai yi ba. Ya ce, "Ɗiyata, mi kika ce? Sake hwaɗi." Na sake faɗa, kunya kamar in nutse. Washegari ya yanka tsofaffin tayoyi guda huɗu, ya ɗora injin a kansu, maza uku suka tura, bai motsa ba.

Tun ranar Injiniya yake kirana. Ko a kasuwa muka haɗu sai ya ce, "Injiniya, ina gajiya?" mutane na waiwayowa.

Ya zana tirelar da alli a daɓen garejinsa, daidai girman da za ta kasance. Ya ɗauko Sani a keke napep ya kai shi, ya zaunar da shi tsakiyar zanen, ya ce ya nuna inda bai yarda da shi ba. Sau uku aka goge aka sake.

Ba dukansu ke karanta tef ɗin awo ba, shi ya sa Malam ya kawo igiya. Ya ƙulla faɗin tirelar daga taya zuwa taya, ya ɗaura jan ƙyalle a wurin. Duk gada, duk kwalbati, duk kwanar da za ta bi, sai ya je da ƙafarsa ya shimfiɗa igiyar ya yi ƙulli. Yakan ce, "Garejina ba a cewa za ta wuce. Igiya ka hwaɗi."

Ya auna na Bakura. Ya auna na Garbadu.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Talata ne, bayan an tashi kasuwa. Ya kawo wa Sani goro da man zafi. Na dama masa fura, ya sha rabi ya ce sauran na Injiniya ne. Ya ce awo ya ƙare, ranar Asabar zai fara yanka ƙarfe.

Ni ce na ce, "Baba, Faru fa? Can ma ana kai injin, kuma ƙanena na cikin masu lodinsa."

Ya ce akwai wani ƙaramin kwalbati a hanyar, ya manta da shi. Sani ya ce hanyar ba lafiya, a buga waya wani ya duba. Malam ya ce, "Da ido zai duba, Sani. Kai ko ka san abin da ido ya yi."

Da na yi shiru, da yanzu yana garejinsa.

Na san kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma tun safe maganar nan ke ci na.

An yi jana'izarsa kafin azahar. Sani ya ce sai an kai shi, 'yan lodi suka ɗauke shi a kujera. Da suka dawo, Lawali ya miƙa masa igiyar. A aljihun Malam aka same ta, a naɗe.

Akwai sabon ƙulli.

Sani ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ni. Ƙullin Faru bai kai jan ƙyallen ba. Saura yatsa huɗu. Da an ƙera tirelar yadda take a zane, taya ɗaya a iska za ta taka a kwalbatin nan, da injin a kai, da mutane a gefe.

Girbin rani saura sati uku. In ba a gama sabuwar tirelar ba, tsohuwar za a sake ɗora wa injin, ƙanena kuma yana ƙasa yana riƙe da igiyar ɗaurin kaya.

Don haka ina roƙon iyalan Malam da maƙwabtan gareji, don Allah kada a share daɓen nan. Kada a zuba ruwa. Zanen yana nan, ƙarfe yana nan. Sani ya ce bayan sadakar uku a kai shi, shi zai nuna inda za a rage. Duk mai walda da ya taɓa cin arzikin Malam Garba, a Mafara ko Bakura ko Maradun, ya zo da kayan aikinsa.

Allah Ya jiƙan Baba Garba, Ya karɓi shahadarsa, Ya yalwata masa kabarinsa. Allah Ya ba matarsa da ɗiyansa haƙuri, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba, ko Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. Ni ma ku sa ni ciki, Allah Ya sanyaya mini zuciya.

Igiyar tana hannun Sani. Ya ƙi ajiye ta.