Za a Naɗa Nasiru Sarkin Samari

Salamu alaikum. Mu nan Manawashi lafiya lau, sai maigida da ƙafa ke damu, 'yata Ummi kuma tana mura. Ni hankalina ne ba kwance ba. Ku yi haƙuri da rubutun, da girmana na koya.

Makon jiya na je ƙauyenmu gayyar karyar masarar Inna. Duk waɗanda suka zo masu furfura ne, don samarin garin sun taho Gombe yin acaɓa. Sai na ga an aiki Baba Iliya, mai jikoki, ɗebo ruwa.

Na ce, "Inna, Baba Iliya kuke aika?"

Ta ce, "To wa za mu aika? Har yau shi ne Sarkin Samari, ya rasa magaji. Ke turo mana ɗanki Nasiru, yana sauka a mota za a naɗa shi."

Na dawo ina ba da labari ana dariya, ashe Nasiru ya ɗauka da gaske. Yaron da kaza ke kora! Ya goge babbar rigar babansa, ya hana ƙannensa kiran sunansa. Na ce masa can babu wutar cajin waya. Ya ce sarki ba ya caji da kansa.

In na hana, Inna ba ta da mataimaki. In na bari, a dawo min da sarki a kwance. Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar, ranar da motar garinmu ke tashi.